Albarushi nawa bindigar ɗuri take ɗauka? Fashin baƙi kan awo da saiti

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mafarauta da 'yan bindiga, har da samarin da basu taɓa riƙe bindiga ba sai dai kallo a waya, wai in kana so bindigar ɗuri ta yi aiki to ka cika mata ciki, yawan albarushi shi ne ƙarfi, ƙarfi kuma shi ne saiti. Yanzu da bidiyon Turawan Amurka ya cika YouTube da TikTok sai abin ya ƙara samun gindin zama, zaka ga Bature ya jefa wasu dunƙulallun ƙwayoyin albarushi guda uku a bakin bindiga yace 150 kenan, ya danna harsashi ya harba, hayaƙi ya turnuƙe, sai a majalisa kaji wani yana cewa ai ka gani ko, su ma da suka ƙera abin cika ta suke yi. To gaskiya maganar nan rabinta kuskure ne kawai, ɗaya rabin kuma yana iya raba mutum da yatsunsa.

Mu a Kano ba baƙin bindigar ɗuri bane. Tarihi ya nuna tun zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara shigo da bindigogi garin nan, shi kuma Babba Zaki da ya hau a 1768 shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Har yau duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san yadda ƙirji yake amsawa in suka saki wuta. Amma bindigar hawa da ta farauta ba aikinsu ɗaya ba, ita ta hawa ƙara ake nema da hayaƙi, ba wani abu da ake son a sama, shi yasa a wajenta wanda ya fi ƙara shi ne gwani. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauki wannan tunanin na wanda ya fi ƙara aka kai shi wajen bindigar da aka ɗura wa harsashi.

Su bindigogin da ake gani a bidiyon nan ba adaka bane, duk da cewa ta baki ake ɗura su kamar adaka. A 1985 wani Ba'amurke mai suna Tony Knight ya fito da wata da ya sa wa suna MK-85, wadda wutar kunnawa take shiga ta gindin bututu kai tsaye a miƙe, maimakon ta zagayo ta gefe irin na da. Daga nan kamfanoni irinsu Thompson/Center da CVA da Traditions suka bi sahu. Dalilin da yasa mutanen da suke da bindigogin zamani iri-iri suka koma wahalar ɗuri kuwa doka ce, jihohi da yawa a Amurka suna ware wasu kwanaki na farautar barewa da ba a yarda a shiga daji da komai ba sai bindigar ɗuri, to sai kamfanoni suka ce bari mu ƙera wacce doka zata kira ta ɗuri amma aikinta ya kusa na zamani. Ƙarfen bututunta na masana'anta ne mai kauri, cikinsa akwai zare da aka yanka yana murɗawa, ana ɗora mata madubin hange, gindinta kuma ana kwance shi da sifana a wanke. Mafi yawansu faɗin bakinsu rabin inci ne, wato milimita 12.7, shi ne ake ce wa .50.

Lambar da suke faɗa kuma, 100 ko 120 ko 150, giren ne, wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi. Giren ɗaya bai kai komai ba, 7,000 ne suke yin laba ɗaya, giren 100 wajen giram 6 da rabi kenan, 150 kuma bai cika giram 10 ba. Nan ne wajen farko da mutane suke rikicewa, dan a harkar bindigar ɗuri ba a sikeli ake ɗora albarushin ba, akwai wani ɗan bututun tagulla mai lambobi a jiki da ake cikawa a share bakinsa, cika ake aunawa ba nauyi ba. Kamar tiya ce a Dawanau, tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo duk tiya ce amma ɗora su a sikeli ka gani. Asalin baƙin albarushi in ka cika awon 100 nauyinsa zai zo kusa da giren 100 ɗin, amma sababbin garin da aka ƙirƙiro a madadinsa sun fi shi rashin nauyi, saboda haka wanda ya ɗauki sikeli ya auna giren 100 na irin waɗannan to ya zuba fiye da abin da yake zato, da nisa ma.

Kuma madadin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Pyrodex shi ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1970, wani mai suna Dan Pawlak ne ya haɗa shi, shi kansa gobarar da ta tashi a masana'antar ce ta yi ajalinsa a 1977, kaga tun daga nan mutum ya san ba kayan wasa bane. An yi shi ne yadda awo ɗaya nasa zai yi daidai da awo ɗaya na baƙin albarushi. Daga baya kamfanin Hodgdon ya fito da Triple Seven wanda ya fi zafi, su da kansu suka ce in kana son gudun da baƙin albarushi yake bayarwa to ka rage kashi 15 cikin 100 na awon. Sai Blackhorn 209 da ya shigo kasuwa a 2008, shi iyakarsa awon 120 ne, wanda a sikeli giren 84 ne kacal. To ka duba, bindigar da aka rubuta mata 150, in Blackhorn zaka zuba 120 ne ƙarshenta, wanda ya ce ai an rubuta 150 ya cika awon da shi ya wuce gona da iri ba tare da ya sani ba. Ko girman ƙwayar garin yana da tasiri, baƙin albarushi ana rubuta masa Fg, FFg, FFFg har FFFFg, duk yadda F ta ƙaru garin ya fi laushi kuma ya fi saurin cin wuta. FFg shi ne na bindiga mai faɗin baki irin .50, FFFg na ƙananan baki ne, shi kuwa FFFFg ɗan kaɗan ake barbaɗawa a kaskon bindiga mai ƙyastu dan ta kama, ba a cika bututu da shi.

Yanzu ita 150 ɗin da kowa ya haddace, me take nufi? Ba cewa aka yi ka zuba 150 ba. Cewa aka yi wannan bindigar, wannan samfurin, da irin wannan garin, da harsashi mai nauyi kaza, kar ka kuskura ka wuce nan. Iyaka ce ba umarni ba. Su kansu kamfanonin bakinsu bai zama ɗaya ba, masu ƙera bindiga suna rubuta ƙwaya uku ta giren 50 a samfurin da suke kira magnum, shi kuma Hodgdon mai yin ƙwayoyin ya daɗe yana rubuta cewa a .50 kar a wuce ƙwaya biyu, giren 100 kenan. Bindigogi masu kunama a gefe irin na gargajiya yawancinsu iyakarsu tana wajen 100 zuwa 110. Akwai wata ta Remington da ta fito a 2014 da aka yarda mata har 200, amma ita ɗin an gina ta ne musamman saboda haka. In lamba biyu suka saɓa, ta mai bindiga da ta mai gari, ƙaramar ake ɗauka, wannan ba ya buƙatar wani dogon turanci.

Abin da yake fasa bututu ba albarushin bane shi kaɗai, matsin iskar da yake haifarwa ne a ɗan lokacin da harsashi bai gama motsawa ba. Ana auna shi da psi, ma'aunin nan da mai faci yake duba iskar taya da shi. Bindigar ɗuri ko an cika ta zuwa iyaka yawanci matsinta bai kai 30,000 ba, ita kuwa bindigar zamani mai kwanso irin .308 an yarda mata har 62,000. Kuma matsin nan ba awon gari ne kaɗai yake ɗaga shi ba. In harsashi ya ƙara nauyi matsi zai hau ko baka ƙara gari ba, saboda abu mai nauyi ya fi jinkirin tashi. In harsashin ya matse da yawa haka. In bututun ya yi datti haka, kuma baƙin albarushi ƙazami ne na gaske, fiye da rabin abin da ka zuba ba ya zama iska, toka yake zama da hayaƙi, wani ya fita wani ya manne a ciki, harbi na biyu da na uku zaka ji sandar ɗuri tana ƙin shiga. Shi yasa tambayar albarushi nawa zan zuba bata da amsa sai an ce wane iri, a wace bindiga, a bayan wane harsashi.

Mu zo kan saiti, inda ni a ganina nan ne masu cewa a cika mata ciki suka fi yin asara. In ka ɗauki harsashi mai nauyin giren 250 a bindigar .50, awon 100 zai fitar da shi da gudun wajen mita 500 a daƙiƙa, in ka kai 150 zai kai wajen mita 600. Ka ƙara rabin gari kenan amma gudun bai ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran ya tafi a wuta da ƙara da hayaƙi da dukan kafaɗa. Kuma dukan kafaɗar nan shi ne babban maƙiyin saiti. Ka lura da wanda bindiga ta saba tokara, kafin ya gama jan kunama zaka ga ya runtse ido, kafaɗarsa ta riga ta zabura gaba, bakin bindigar ya ɗan sunkuya, shi bai ma san ya yi ba, in ka faɗa masa rantsuwa zai yi bai motsa ba. Hanyar da masu koyar da harbi suke kama wannan mai sauƙi ce, sai a miƙa masa bindiga ba komai a ciki yana zaton a ɗure take, yana jan kunama kowa zai ga yadda ya zabura.

Bayan mutum sai harsashin kansa. Yawancin masu bindigar zamanin nan basa sa harsashin da ya cika bakin, ƙarami suke sawa mai faɗin .45 a cikin wata 'yar rigar roba, robar ce take kama zaren bututun ta murɗa shi, da sun fita daga baki sai ta buɗe ta faɗi harsashin ya wuce shi kaɗai. To roba roba ce, in wuta da matsi suka yi mata yawa sai gindinta ya yage ko ya narke, iska ta tsere ta gefe ɗaya, harsashin ya fita a karkace. Masu harkar in sun ga saiti ya lalace sukan taka gaba su tsinto robobin a ƙasa su duba, wacce ta yi aiki daidai zaka ga fukafukanta sun buɗe tsaf gindinta lafiya lau, wacce aka yi wa yawa kuwa gindin a ƙone yake a tsage. Su can suna kukan zafin bazararsu yana sa robar ta yi laushi har sai sun jira bututu ya huce tsakanin harbi da harbi, to ina ga zafin Kano na watan Afrilu da yake haura digiri 40. Mai harba dunƙulen dalma a naɗe cikin ƙyalle ma haka abin yake, in gari ya yi yawa ƙyallen ne yake ƙonewa ya huje, dalmar ta zame daga zaren.

Shi ma zaren ba iri ɗaya bane. Akwai bututun da zarensa yake zagaye ɗaya a inci 66, wannan na dunƙulen dalma ne, akwai na inci 48 tsaka-tsaki, na zamani kuma yawanci inci 28 ne dan dogon harsashi yana buƙatar juyi da sauri kafin ya tafi a miƙe. In ka haɗa harsashi da bututun da ba nasa ba, ko buhu guda ka zuba ba zai gyara ba.

Yadda masu hankali a cikinsu suke nemo awon da ya dace ba wani sirri bane, haƙuri ne kawai. Ana farawa daga ƙasa, wajen 70 ko 80, a zauna a ɗora bindigar a kan buhun yashi, a harba uku a takarda ɗaya, ana goge cikin bututun bayan kowane harbi, sai a auna tazarar ramukan. A ƙara 5 ko 10 a sake. Zaka ga ramukan suna matsowa kusa da juna har a zo wani awo da suka fi haɗuwa, in aka wuce shi sai su fara watsewa. Nan ake tsayawa. Mafi yawan lokuta wajen yana faɗowa ne tsakanin 80 da 110, ƙasa da iyakar da aka rubuta. Kuma bindiga biyu 'yan kamfani ɗaya samfuri ɗaya kowacce tana iya zaɓar nata awon. Abin da ya fi yawan garin muhimmanci ma shi ne ka riƙa yin abu ɗaya kullum, awo ɗaya, harsashi iri ɗaya, ƙarfin danna sanda ɗaya. Mai auna gari da tafin hannu ko ya ce yatsa uku ko huɗu a jikin sanda, yau hannunsa ya cika gobe bai cika ba, to ta ina zai san ko bindigar ce ta kauce ko shi ne?

In kuma ana ganin 80 ko 90 ya yi kaɗan, a duba tarihi. Bindigar Springfield da aka yi yaƙin basasar Amurka da ita daga 1861 zuwa 1865, giren 60 ake zuba mata a bayan harsashi mai nauyin wajen giren 500. Enfield ta Ingila ta 1853 wajen 68 ne. Kwanson .45-70 da sojan Amurka ya ɗauka a 1873, wannan 70 ɗin da ke sunansa awon albarushin ne, kuma an kayar da ɓaunar Amurka da shi wacce ta fi yawancin abin da mafaraucin mu zai haɗu da shi a yau girma. Dabba ba ta san awon da ka zuba ba, inda harsashin ya same ta shi ne magana. Amfanin 150 ɗaya ne, harsashi ya fi miƙewa in nisa ya kai mita 150 zuwa 200, a fili fetal, wanda kuma yake farauta a sarƙaƙiya inda ko mita 60 ba ya gani sosai me zai yi da shi?

Wani abin mamaki, yawancin bututun da suke fashewa ba dan an ƙara giren 10 a kan iyaka bane, wasu kurakurai ne daban da suka fi wannan muni. Na farkonsu shi ne garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi. Mutum ya samu kwanso ya farke ya juye garin ciki a bindigar ɗuri, yana ganin ai duk albarushi ne, wani ma launinsa baƙi ne. Wallahi ba ɗaya bane. Shi wannan garin duk yadda aka matse shi haka yake ƙara saurin ci, awon da baƙin albarushi zai tura harsashi lafiya shi zai tarwatsa bututun a fuskar mai harbi, kuma ba wani ɗan kaɗan ko a gauraya, duk littafin da yake zuwa da bindigogin nan da manyan baƙaƙe ake rubuta wannan gargaɗin, wasu a jikin ƙarfen ma aka buga shi. Kamfanin Savage ya taɓa yin wata mai suna 10ML da aka gina ta dan irin wannan garin, amma ita kaɗai ce da ire-irenta, ba hujja bace ga sauran.

Sai ɗuri biyu. Mutum ya ɗura, aka kira shi a waya ko aka ja shi da hira, ya dawo ya manta ya sake ɗurawa a kai. Kar ka ce ai ni ba zan yi ba, bayan yaƙin Gettysburg a 1863 an tsinci bindigogi sama da 27,000 a filin, wajen 24,000 a ɗure suke, kuma mafi yawan waɗannan ɗuri biyu ne ko fiye a cikinsu, har an samu wacce aka yi wa 23. Sojoji ne fa da aka horar, ruɗewa ce kawai. Maganin wannan kuwa ko kwabo ba a kashewa, in ka ɗura daidai sai ka zura sandar har ta zauna a kan harsashi ka yi mata alama da wuƙa ko fenti daidai bakin bututu, ka yi wata alamar lokacin da bindigar take ba komai. Daga ranar duk sanda ka zura sanda alamar zata faɗa maka gaskiya, in ta tsaya sama da inda ta saba to akwai magana, ko ɗuri biyu ne ko harsashin bai kai ƙasa ba.

Wannan na rashin kaiwa ƙasa shi ma mugun abu ne. Dole harsashi ya zauna daram a kan garin. In datti ya riƙe shi a tsakiya aka bar fili tsakaninsu, to ya tashi daga harsashi ya zama toshiya, bututun zai kumbura a wajen ko ya tsage. Haka in bakin bindiga ya caki ƙasa laka ta shiga, ko zanzaro ya yi gini a ciki tana rataye a ɗaki tun bara, ko aka manta sandar ɗurin a ciki. Sannan ba a zuba gari daga gora ko kwalba kai tsaye cikin bututu, in akwai sauran tartsatsi daga harbin baya wutar zata biyo garin har cikin gorar da ke hannunka, a awo ake zubawa a rufe gorar sannan a juye, fuska kuma ba ta leƙa baki. In ka ja kunama bata tashi ba kar ka juyo ta kana dubawa, ka bar bakinta a inda ka saita aƙalla minti ɗaya, dan gari mai danshi yana iya jinkiri sannan ya kama. Da damina wannan ya fi yawa, albarushi yana shan raɓa, tokarsa ma haka, in aka kwana ba a wanke ba tsatsa zata fara cin cikin bututun inda ido ba ya gani, shi yasa su ranar da suka yi harbi ranar suke wankewa da ruwa su busar su shafa mai.

To yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimce ni sosai, duk lambobin nan da na lissafo, ko ɗaya a cikinsu ba na adakar da ke rataye a ɗakin baba bane. Ko 150, ko 100, ko ma 70 ɗin da na ce ana farawa da shi. Lambar iyaka tana da ma'ana ne saboda an san irin ƙarfen, an san kaurinsa, an san yadda aka ɗaure gindin, an kuma gwada. A Turai akwai gidajen gwajin bindiga da aikinsu kenan, na Birmingham a Ingila tun 1813 yake, ana ɗura wa bututu fiye da abin da zai ɗauka a aiki a harba shi a ɗakin da ba mutum, in ya tsira a buga masa hatimi. Duk da irin wannan tsarin na masana'anta ana samun matsala, kamfanin CVA a 1997 sai da ya nemi a dawo masa da wasu bindigoginsa da aka ƙera a 1995 da 1996 saboda haɗarin da aka gano a tare da su. To in na kamfani kenan, ina ga bututun da asalinsa na ruwa ne ko wani ƙarfen mota da aka toshe gindinsa da walda? Bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi dan ya ɗauki irin wannan matsin ba. Garin da ake sayarwa a ƙulle a leda shi ma ba wanda zai ce maka ga ƙarfinsa, na wannan makon daban na wancan daban. Maganar ai shekara ashirin ina harba ta bata taɓa yi min komai ba kuwa ba hujja bace, ƙarfe yana gajiya, tsatsa tana ci, tsagar da zata buɗe gobe yau ba a ganinta. Irin wannan bindigar ba ta da iyakar da wani zai rubuta maka, duk wanda ya baka lamba a kanta cewa nan ne lafiya to faɗa kawai ya yi.

Ko bindigar hawa da ba a sa mata harsashi, ita ma ba a raina ta. Tsumma ko takardar da ake dannawa a kan garin dan ta yi ƙara toshiya ce, duk yadda aka ƙara dannawa aka ƙara gari dan a fi na kusa amo haka matsin yake hawa, kuma abin da ya fito daga bakin a kusa yana huda fata yana makantar da ido. Yaran da suke kutsawa gaban 'yan bindiga a Ƙofar Kudu ko hanyar Nassarawa dan su ɗauki bidiyo, dan Allah iyaye a ja musu kunne. Su kansu masu harbin kunnensu yana biyan kuɗin abin a hankali, ƙarar bindiga tana haura ma'aunin da yake lalata ji tun daga harbi ɗaya, Turawan da ake kallo a bidiyon in ka lura akwai toshiya a kunnensu da tabarau a idonsu.

Ta ɓangaren doka kuma, kar wani ya ga ana cewa a Amurka dokar tarayya bata ɗauki yawancin bindigogin ɗuri a matsayin sauran bindigogi ba ya zaci nan ma haka ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin ɗuri rukuni nasu, har da adaka mai ƙyastu da mai kaf, kuma maganar izininsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, shigo da irin na zamanin nan daga waje ko garinsu ba da izini ba kuwa laifi ne da yake kai mutum gidan yari. Wanda yake da ta gado a gida yana so ya san halin da take ciki, abu na farko ya zura sanda ya auna da tsawon bututun ta waje ya tabbatar ba a ɗure take ba, dan tsofaffin nan da yawa a ɗure suke rataye ta kuma albarushi in bai sha ruwa ba yana shekara da shekaru bai mutu ba, in ya ga alamar akwai abu a ciki kar ya ce zai harba ya fitar, ya nemi wanda ya san aikin ya zaro masa.